Tashar Da Ba Ta Talla, Wa Ke Ciyar Da Ita?

Mu da muka tashi a zamanin kaset ɗin bidiyo mun san talla kamar yunwar cikinmu. Ka karɓo fim a shagon haya, ka zura shi a bidiyo, kafin ka ga fuskar jarumin da ka biya kuɗi dominsa sai an jero maka tirelar finafinai biyar ko shida masu fitowa, kowace da waƙarta. A talbijin kuwa abin ya fi haka. Ana tsakiyar wasan kwaikwayo, miji ya ɗauki biro zai rubuta saki, sai kawai ka ga wata baiwar Allah tana wanki tana yi wa sabulu kirari. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin zalunci ba, domin kowa ya san da tallar nan ake biyan ma'aikata, da ita ake zuba wa janareta mai.

Ni ɗan fim ne tun asali, ƙwallo daga baya ta same ni. Wajen 2003 ne abokai suka fara ja na zuwa wani gidan kallo a unguwarmu, rumfar kwano ce da bencina da talbijin biyu a kan kanta. Lokacin Nwankwo Kanu yana Arsenal, Jay-Jay Okocha kuma yana Bolton yana wasa da hankalin Turawa. Minti 45 cur aka yi ana taka leda babu wanda ya katse mu da sabulu ko maganin sauro. Hoto tar, kyamarori ta ko'ina, a nuna maka cin ƙwallo ta gaba, a sake nuna maka shi ta bayan raga. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin ya ga yadda furodusa ke haɗa gumi a kan hayar kyamara ɗaya tak, dole ya tambayi kansa, wai waɗannan mutane da me suke biyan wannan hidima?

To mai karatu, gidajen talbijin iri biyu ne a duniya idan ka cire na gwamnati. Akwai wanda ke ba ka kallo kyauta. Shi wannan, kai da ka zauna a gabansa kai ne hajarsa. Yakan je wajen mai sabulu ya ce, ina da mutum miliyan kaza da ke kallo na da ƙarfe takwas na dare, nawa za ka biya in ara maka idonsu na rabin minti? Na biyun kuma shi ne wanda ya rufe hotonsa ruf, sai mai dikoda da katin da aka biya wa kuɗi zai gani. Wannan kai tsaye ya zo aljihunka, kai ne kwastoma. Tunda kuwa kai ne mai biya, abu na farko da zai yi maka alkawari shi ne ba zai ɓata maka rai da talla a tsakiyar abin da ka saya ba. Shi kansa rashin tallar yana cikin kayan da ake sayar maka.

Abin da zai ba ɗan fim sha'awa shi ne, wannan sana'a da fim ta fara, wasanni suka zo suka ƙara mata ƙarfi. A Amurka an buɗe tashar HBO a 1972, ma'anar sunan kuwa ita ce tagar sayar da tikitin sinima ta dawo cikin gida. Finafinai take nunawa babu talla, mutum ya biya kuɗin wata. Amma abin da ya fito da sunanta sosai dambe ne. A 1975, da Muhammad Ali da Joe Frazier suka yi karonsu na uku a birnin Manila, HBO ce ta ɗauko wasan ta tauraron ɗan'adam ta kai wa masu biyan ta suna gani a daidai lokacin da ake yi. Daga nan kamfanonin kebul suka gane cewa mutum zai iya cire kuɗi ya biya talbijin idan an ba shi abin da ba zai samu a wani wuri ba. A Faransa ma haka aka yi. A 1984 aka buɗe Canal+, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani sarai, da ƙafa biyu ta tsaya: sinima da ƙwallo. A Afirka ta Kudu aka buɗe M-Net a 1986, daga cikinta SuperSport ta fito, sannan DStv ta zo a 1995.

Amma inda kuɗi ya yi magana da babbar murya shi ne Ingila. A 1992 manyan kulob-kulob suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya, aka ƙulla cinikin fam miliyan 304 na shekara biyar, Sky ta ɗauki nuna wasanni kai tsaye, BBC ta ɗauki taƙaitaccen abin da ya faru. Kafin lokacin Sky asara take tafkawa. Mai kamfanin, Rupert Murdoch, ya fito fili a 1996 ya kwatanta wasanni da gungumen da ake fasa ƙofa da shi, wato da ƙwallo za su shiga gidajen mutane, sauran kaya su biyo baya. Bai yi ƙarya ba. A 2015 Sky da BT sun biya fam biliyan 5.1 don shekara uku kacal, a cikin Birtaniya kawai. A ƙarshen 2023 aka sake ciniki a kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu. Ba tallar sabulu ce ke biyan wannan ba, malam. Kuɗin wata ne na miliyoyin gidaje.

Za ka ce, me ya sa ƙwallo ta fi fim jan kuɗi, alhali fim ne ya buɗe ƙofar? Ni dai yadda na fahimci abin, fim kamar kilishi yake, ƙwallo kuwa ƙosai ce. Kilishi ka iya ajiye shi wata guda, ka iya aika shi Legas, yana nan da daɗinsa. Wanda bai ga Sangaya ko Wasila a makon da suka fito ba, ya gan su bayan wata uku a gidan maƙwabci, kuma ya ji daɗinsu. Wannan jurewar ce ta sa ɓarayin fasaha suka samu fim da sauƙi, su sayi kwafi ɗaya su buga dubu, su zauna suna sayarwa a hankali. Ƙosai kuwa da zafinsa ake ci. Wa zai sayi faifan wasan Chelsea da Manchester United na jiya bayan duk gari ya san an tashi biyu da ɗaya? Darajar wasan tana cikin minti 90 ɗin da babu wanda ya san ƙarshensa. Wanda ya mallaki wannan minti 90 shi kaɗai, shi ke yanka farashi.

Shi ya sa za ka ga ba hoton kawai suke saye ba, hana kowa nunawa suke saye. Idan tasha ta ce ta sayi haƙƙin Firimiya na wani yanki, to ta biya ne don kada maƙwabciyarta ta nuna. Kuma ba za ta sayar maka da ƙwallon ita kaɗai ba. Za ta ɗaure ta a cikin dami tare da tashar labarai, ta yara, ta girke-girke da ta finafinai, ta ce sai dai ka ɗauki damin gaba ɗaya. Manyan wasannin kuma a dami mai tsada ake sa su. Maigida ya biya don Arsenal, uwargida ta samu Africa Magic Hausa, wadda aka buɗe a 2010, yara su samu katun. Ranar da maigida ya yi fushi da Arsenal ya ce ba zai ƙara biya ba, mutanen gida ne za su tayar masa da hankali. Wannan ba haɗari ba ne, da gangan aka tsara shi.

Hanya ta biyu ita ce ta biya ka kalla, wasa ɗaya kuɗi ɗaya. A dambe aka fi yin wannan. Da Floyd Mayweather da Manny Pacquiao suka haɗu a watan Mayun 2015, HBO da Showtime suka haɗa hannu suka sayar da daren a kan kusan dala 100 kowane gida. Gida sama da miliyan huɗu suka saya a Amurka, aka tara sama da dala miliyan 400 a dare ɗaya. Ka ga wannan sinima ce sak, tikiti ake yanka, sai dai kowa yana zaune a falonsa.

Hanya ta uku ita ce ta fi kusa da mu, wato kuɗin da ake karɓa daga wuraren da jama'a ke taruwa. A Ingila mai mashaya ko otal ba ya biyan kuɗin da mai gida ke biya, nasa ya ninka sau da yawa. Sky har wani ɗan hoton kofi take sakawa a gefen allo don mai bincike ya gane da ya shigo ko katin kasuwanci ne ko na gida aka ɗauko. Wata mai mashaya a garin Portsmouth, Karen Murphy, ta ga kuɗin ya yi mata yawa, ta sayo dikodar ƙasar Girka mai araha tana nuna wa kwastomominta. Aka kai ta kotu, shari'a ta yi ta tafiya har babbar kotun Tarayyar Turai, wadda a 2011 ta ce ba a iya hana mutum sayen dikoda daga wata ƙasar Tarayyar ba. Da na ji labarin nan dariya na yi, domin duk wanda ya zauna a gidajen kallonmu ya san zamanin da ake kallon Liverpool mai sharhi yana ta zuba Larabci. Ashe neman sauƙi ba a kanmu aka fara ba.

Akwai wani abokina da ya yi shekaru yana riƙe da gidan kallo, a wurinsa na ga lissafin da idona. A farkon wata zai biya kuɗin kati, ko an shigo ko ba a shigo ba. Ga man janareta, domin ba a yin wasa da ɗaukewar wuta a tsakiyar fanareti, sai a karya maka benci. Ga hayar fili, ga yaron da ke tsaron ƙofa. A wancan lokacin Naira 20 ko 30 yake karɓa, ranar babban wasa ya ƙara. Idan Barcelona da Real Madrid za su kara, har a ƙasa ake zama, wasu na leƙe ta ramin kwano. Idan kuwa ƙananan kulob ne, mutum goma ma sai an yi sa'a. Da an rufe kakar wasa a watan Mayu sai ya koma sa finafinan Indiya da na Hausa don kada wurin ya mutu, katin kuma ya bar shi ya ƙare. To wannan barin katin shi ne abin da manyan tashoshin suka fi tsoro a duniya. Domin shi suke sayen Kofin Duniya, Kofin Afirka, kokawar Amurka, tsere da wasannin share fage, don kada a samu watan da mutum zai ce bari in huta da biya. Mutum ɗari da ke rumfar abokina ba su da dikoda ko ɗaya, amma Naira ashirin-ashirin ɗinsu tana tafiya, ta bi ta hannun kamfani, wani kaso ya isa Landan ya shiga albashin ɗan wasa.

Wajen jawo mai kallo kuwa, sun san kan tsiya. Da farko sukan karya kuɗin dikoda, wani lokaci su sayar da ita ƙasa da yadda ta zo musu. Sky a 1999 kyauta ta riƙa raba tata. Sun san in dai kwanon ya hau rufin gidanka, kai da su sai yadda hali ya yi. Canal+ a Faransa kuma takan buɗe hotonta na wasu sa'o'i kowa ya gani, a nan take sa talla, kuma a nan take kwaɗaita wa mutane abin da ke bayan labule. MultiChoice ta fito da GOtv a 2011 don mai ƙaramin ƙarfi. Sai kuma ɗan gida. Chelsea ta yi magoya baya a ƙasar nan da zuwan Mikel Obi a 2006, kuma da Ahmed Musa, wanda muka sani tun yana Kano Pillars, ya koma Leicester a 2016, har waɗanda ba su san inda garin yake ba sun nemi wasanta. A Kofin Duniya na 2018 SuperSport ta sa masu sharhi da Turancin buroka, don mai kallo ya ji kamar a majalisarsu ake hirar. Wani abin mamaki ma, a Ingila an hana nuna ƙwallo kai tsaye ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don mutane su je filin wasa. Ke nan akwai wasan da yaron Fagge ke gani a kan benci, mutumin Landan ba shi da halin ganin sa a falonsa.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka sana'ar duk riba ce. Kuɗin haƙƙi tun kafin a buga wasa ake ɗaukar alkawarinsa, masu biyan wata kuwa sai daga baya ake fatan su zo. In ba su zo ba, an shiga uku. ITV Digital ta yi alkawarin fam miliyan 315 ga ƙananan gasannin Ingila, ta durƙushe a 2002. Setanta ta faɗi a Birtaniya a 2009. A shekarar ce GTV, wadda ta ƙwace Firimiya a ƙasashen Afirka da dama, ta rufe dare ɗaya ta bar mutane da kwano a kan rufi. Mu ma nan gida mun ga namu. HiTV ta Toyin Subair ta fito a 2007 ta karɓe Firimiya a Nijeriya, masu gidajen kallo suka yi ta rububin sayen dikodarta. A 2010 haƙƙin ya koma hannun SuperSport, zuwa 2011 HiTV ta zama tarihi. Da ƙwallon ta tafi, mutane suka bi ta, domin dama ba don Allah suke zaune ba.

Ko wanda ya yi nasara ma bai tsira ba. Da dala ake sayen haƙƙi, da Naira ake karɓar kuɗin wata. Bayan faɗuwar Naira a 2023 farashi ya yi ta hawa, har babban damin DStv ya kai Naira 44,500 a watan Maris na 2025, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biya kusan miliyan 1.4 a Nijeriya cikin shekara biyu. Ga kuma ɓarayi sun koyi satar ƙosai da zafinsa. Tsakanin 2017 da 2019 wata tashar fashi mai suna beoutQ ta riƙa ɗauke hoton beIN Sports ta ƙasar Qatar tana watsawa a daidai lokacin, yanzu kuwa yaro da waya da data ya ishe shi. HBO ta bar dambe a 2018 bayan shekara 45. A Amurka akwai wata tasha, NFL RedZone, da aka buɗe a 2009 don irin ƙwallonsu ta runguma da ture-ture, wadda aka sani da yawan tsayawa don talla. Duk abin alfaharin tashar shi ne awa bakwai na wasa ranar Lahadi babu talla ko ɗaya. A 2025 ita ma ta fara saka talla. Masu biya suka yi ta ƙorafi, amma aikin gama ya gama.

Gaskiyar magana ma, tallar ba ta taɓa barin ɗakin ba, kujera kawai ta canza. Tana kan allunan da suka zagaye fili, tana ƙirjin 'yan wasa, kuɗin waɗannan kuwa na kulob ne. Ta tasha tana jiran hutun rabin lokaci, da kafin wasa da bayansa. Abin da ke damu na shi ne irin tallar da ta fi yawa a wurin yanzu, ta kamfanonin caca. Yaro ya biya kuɗin shiga don ya ga wasa, a minti 15 na hutu a yi ta nuna masa cewa da Naira ɗari zai iya zama miloniya. Ko a Ingila abin ya kai ga kulob-kulob ɗin Firimiya sun amince a 2023 su cire sunan kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Idan masu abin sun ga illa, mu da ake kawo wa ya kamata mu buɗe ido. Wanda ya biya da aljihunsa bai kamata a sake cin kasuwarsa ta wannan hanya ba.

Akwai kuma abin da nake so 'yan industiri su duba. A Faransa doka ta ɗora wa Canal+ zuba wani kaso na kuɗin da take samu a shirya finafinan ƙasar, shi ya sa ta daɗe tana kan gaba wajen ɗaukar nauyin sinimar Faransa. Wato mai biya don ƙwallo, bai sani ba yana taimaka wa furodusa. Wannan Canal+ ɗin ce ta sayi kamfanin finafinai na ROK a Legas a 2019, kuma a 2025 ta karɓi ragamar MultiChoice gaba ɗaya. Mu kuwa da kasuwar sidi ta mutu a Ƙofar Wambai, sai muka koma YouTube da tashoshin kyauta irin Arewa24. Labarina da Izzar So sun tara jama'a, babu musu, amma a can mai talla ne ke yanke abin da furodusa zai samu. Mutanen nan da ake cewa ba za su biya kuɗin kallo ba, su ne dai suka shekara ashirin suna biya a ƙofar gidan ƙwallo, mako bayan mako, babu wanda ya tilasta musu. Sun biya ne domin an ba su abin da babu shi a wani wuri, a kan lokaci, da hoto mai kyau, kuma ba a yi musu wasa da hankali ba.

Saboda haka duk ranar da ka ji an ce tasha kaza ba ta talla, ka tambaya wa ke biya, nawa, kuma ina kuɗin ke kwana. Ni dai na fi son in biya in san wanda na biya, domin mai biya yana da bakin magana, yana kuma da ikon ya bar kati ya ƙare idan an raina shi. Allah ya ba masu gidajen kallo da 'yan fim ɗinmu kasuwa mai albarka, amin.